Baki na godiya, zuciya ta ƙi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wata 3 ke nan Mama na fama da hawan jini da ciwon suga. Duk Litinin tun asuba muke shiga Keke Napep daga Rigasa zuwa asibiti, mu yi ta zaman layi har azahar. Ga tsadar magani, ga rashin wuta, allurar insulin ɗin ma a leda nake ƙulle ta in sa cikin randa.

Jiya ta ce min, "Auta, Alhamdulillahi, yau na shanye kununa." Sai kunya ta kama ni, don tun safe nake ƙorafi. Ina yin azkar, na gwada lissafa ni'imomi kafin barci, amma hankalina na kan sakamakon awonta. Ku da kuka taɓa jinyar iyaye, don Allah me ya taimake ku?