Ta yi kuka a kan yaron littafi, amma ta ƙi cin tuwo da ɗan ƙanena

Maman Nana: Salamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Ɗan ƙanena aka kawo mini daga wani ƙauye bayan Mirriya, shekararsa 9. Yana ƙarami ciwon noma, mai cin baki da fuska, ya kama shi, shekarar da gero bai yi ba, uwarsa ga goyo. Sai da suka gama yawon masu magani ana cewa iska ce kafin a kawo shi nan Damagaram wurin 'yan Sentinelles, ƙungiyar da ke kula da masu wannan ciwo. An yi masa aiki, yana ci yana magana, amma kumatun hagu da leɓe sun tafi da tabo. Uban yana Libiya, zancen uwar kuma a bar shi. Na sa shi lekol a unguwarmu.

Ɗiyata tana CM2, ajin ƙarshe na firamare. Madam ɗinsu ta ara mata wani littafi na Faransanci, labarin yaro a Amurka da aka haifa da fuska daban, ya shiga lekol yara suna gudunsa. Na same ta da dare da tocila tana kuka har da shessheƙa, tana cewa "Mama, don me mutane ba su da tausayi?" Raina ya yi fari. Washegari na zuba musu tuwo kwano ɗaya, ta janye hannu. A hanyar lekol ma gaba take yi ta bar shi. In sa ta karanta masa littafin ne, ko in karɓe?

Malam na Birni: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin bar jaki kina dukan taiki. Yaron takarda ba ya sa hannu a kwanon kowa, shi ya sa kuka a kansa ba wuya. Ki zaunar da ita ki biya mata Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da aya ta 11 ta Hujurati da ta hana izgili da jifa da laƙabi. Littafin kuma ki mayar wa mai shi.

Mushe mai ritaya: Malam, a gafarce ni, ayoyin nan gaskiya ne, amma kada a mayar da littafin. Ina jin na san shi. Akwai wurin da yayar yaron ke ba da labari da bakinta: tana son ƙanenta, amma a sabuwar makarantarta ba ta so a san su ɗaya ne. Maman Nana, tambayi ɗiyarki a ina ta yi kukan. Wataƙila kanta ta gani.

Maman Nana: Mushe, ɗiyata ba mai girman kai ba ce. Ita ke wanke masa kayan lekol ba wanda ya sa ta.

Anti Infirmiya: A fara da wannan: noma ba ya yaɗuwa ta kwano ko taɓa jiki. Daga dasashi yake farawa, ga yaran da yunwa ko ƙyanda ta raunana, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6. A Disamba 2023 OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ki bincika ko wani ya ce mata za ta ɗauka.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Ni ɗana zabiya ne. Dangin ubansa har yau ba sa kiran sunansa, kuma duk sun yi karatu, na boko da na allo. Ranar suna ma wata ta tashi daga tabarmar da muka zauna. Ni na daina jiran tausayin kowa.

Ɗan Kara-Kara: Ku tambaye mu. Ka ce daga unguwar Kara-Kara ta Damagaram kake, a tuna maka kutare, a duba yatsunka kafin a ba ka hannu.

Malam na Birni: Kun ji ko? Tarbiyya ce ta yi ƙaranci. Hajiya, kwano ɗaya dole, in ba ta ci ba ta kwana da yunwa. Haka aka yi mana.

Anti Infirmiya: Malam, in aka tilasta ta, yaron ne zai sha haushin a hanyar lekol inda ba mai gani.

Mushe mai ritaya: Shi yaron fa, an tambaye shi? Ba kowa ke so a karanta masa ciwonsa a gaban mutane ba.

Maman Nana: Ba ya jin Faransanci tukuna, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ni ban ware shi ba wallahi, ɗaki ɗaya yake kwana da 'ya'yana maza. Kuma ba zan bar ɗiyata da yunwa ba, ga jarrabawa a gabanta.

Malam na Birni: To ai kin riga kin yanke, me kika zo nema?

Maman Nana: Malam, shawara na zo nema. Maigida ya ce in rigimar ta yi yawa a mayar da shi ƙauye bayan Salla, kuma can ba lekol. Madam ma ta aiko a kawo littafin ran Litinin, wata yarinya ke jira.