Kuɗin PTA sun taru, mi za mu yi da su?

Shugaban PTA: Assalamu alaikum iyaye. Kamar yadda munka yi alkawari, ma'aji ya gama lissafi. Da kuɗin PTA na zango biyu da abin da tsofaffin ɗalibai sunka tara muna bayan Sallah, abin da ke asusu yanzu naira miliyan 2 da dubu 340. Kowa shi kawo shawara nan kafin mu zauna, don in an taru a makaranta mutum uku ke magana, sauran su yi shiru su koma gida suna gunaguni.

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam ranka ya daɗe. Ni dai benci. Yarona kullum da buhun taki yake zuwa makaranta a jaka, na ɗauka wasa ne ashe shi ne wurin zamanshi, farin wando kuwa in ya dawo sai ka rantse daga fadama ya fito

Maman Ikram: Benci na da kyau amma Alhaji a fara da ruwa da makewayi don Allah. Ku maza ba ku san abin da yaran nan mata ke sha ba. In an fita tara haka suke bin gidajen maƙwabta suna sallama a ba su buta, wani gidan a bari wani gidan a kore su, wadda gidansu ke kusa kuwa in ta tafi shikenan sai gobe. Tawa da bakinta ta ce min ba ta shan ruwa da safe don kar fitsari ya kama ta a aji, a wannan zafin na Afrilu da ake haura digiri 40. Kuma duk wata akwai kwana uku huɗu da manyan cikinsu ba sa zuwa sam, kun dai gane.

Malama mai JS2: Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Ni ke kiran suna bayan an dawo tara, layin mata ne kullum ke raguwa.

Baban Khalifa: To ai akwai burtsatse a bayan ofishin firinsifal ko?

Ma'aji: Akwai, shekara biyu ke nan ba ta ba da ko ɗigo. Rijiyar lafiya lau take, sumo ne, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa sama, ya ƙone, kuma tun kafin ya ƙone an daina tada janareta tunda aka cire tallafin mai a 2023, wa zai riƙa sayen fetur kullum? Tanki na nan a sama bai fashe ba, na hau na leƙa da kaina, ƙadangare ɗaya na tarar a ciki ya bushe 😂

Alhaji mai shinkafa: Ni tawa shawara daban ta. Kuɗɗi in anka kashe sun tafi. A kama hili a fadama a yi noman rani da sunan makaranta, shinkafa ba ta kwantai a jihar ga, ga kamfani nan Argungu na saye, ga 'yan kasuwa. Riba ta shigo duk shekara a riƙa yin aiki da ita

Baban 'yan biyu: Alhaji Allah shi ƙara arziki, amma ka manta 2020? Ruwa ya zo ya shafe gonakin shinkafa a Kebbi mutane suna ji suna gani. Kai in taka ta nutse ka ce ƙaddara, in ta makaranta ta nutse cewa za a yi kwamiti sun cinye. Wa zai ɗauki wannan zagin

Alhaji mai shinkafa: Waccan ta damina ce, ni rani nac ce

Baban 'yan biyu: Rani ma ai da injin ban ruwa da taki da tsuntsu. A bar kuɗin marayu da zawarawa daga caca dai Alhaji

Shugaban PTA: A yi haƙuri, shawara muke ba gardama ba. Alhaji mun rubuta taka.

Yaya Injiniya: Bari in sa baki kan ruwan tunda aikina ne. Kar a sake sayen sumo mai aiki da janareta, a sa na sola wanda ke tashi kai tsaye daga faranti ba batir ba inbata, rana ta fito ya tura ruwa tanki, rana ta faɗi ya tsaya, ai makaranta da rana ake yin ta. Batir shi ne ke cin kuɗi kuma shi ke fara mutuwa. Amma kafin a sayi komai a wanke rijiyar a auna zurfinta da yawan ruwan da take bayarwa, don abin da ke ƙona sumo sau da yawa shi ne a sa wanda ya fi ƙarfin rijiya, ya zuƙe ruwa ya ci gaba da juyawa a bushe. A sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa, ba ta da tsada. Farantan kuma a ɗora su can saman ƙarfen tanki a yi musu keji a walde, in aka ajiye su ƙasa wallahi ba za su ga Babbar Sallah ba. Sannan famfo shida a jere, uku ɓangaren mata uku na maza, a yi magudana ruwan da ke zuba ya tafi gindin itace kar ya zama kwata.

Maman Ikram: Allah ya yi albarka ƙanena. Makewayin fa?

Yaya Injiniya: Ramin na nan Hajiya, ƙofofi ne babu, rufin kwanon kuma iskar farkon damina ta yaye. Ƙofar ƙarfe huɗu da sakata ta ciki, kwano bandir ɗaya zai isa har ya yi saura.

Maman Ikram: Sakata ta ciki fa, a ja layi a nan. Kuma kar a sa kwado a kai makulli ofis, yarinya ba za ta je gaban malamai maza ta ce a ba ta makullin bayi ba, gara ta tafi gida.

Malam mai ritaya: Allah shi gafarta ma iyayenmu. Na yi shekara 35 ina koyarwa, abin da zan ce shi ne ku bambanta aikinku da na hukuma. Gina aji da zuba benci da yawa aikin gwamnati ne, tun dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 akwai kuɗin da tarayya ke warewa, jiha ta kawo nata kason a haɗa, SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ta yi aiki da su a firamare da ƙaramar sakandare. Ga kuma AGILE, shirin ilimin 'ya'ya mata na Bankin Duniya, Kebbi na cikin jihohin da aka fara da su, kuma gyaran makarantu don 'ya'ya mata na cikin aikinsu, ta hannun SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ake bi. To ku rubuta takarda ku da SBMC, ku sa hoton yaran zaune a ƙasa, ku kai da ƙafarku ku riƙa bibiya. In kuka zuba miliyan biyu a benci aji biyu uku za ku cika, gara ta ci katakon nan da shekara uku, kuma wanda ya kamata ya yi ya ga an hutar da shi.

Baban Khalifa: Malam takarda nawa aka rubuta a ƙasar nan 😅 yarona zai gama makaranta a kan buhu ke nan

Malam mai ritaya: Ban ce kar a taɓa benci ba ɗana. Akwai karyayyu jibge a sito, ƙafafun ƙarfe ne, katakon sama kawai ya tafi. Kafinta ɗaya da mai walda ɗaya su yi sati guda a harabar makaranta, a gabanku, za ka sha mamakin nawa za su tashi.

Anti nas: Ni ƙaramar buƙata gare ni. Tagogin ajin JS1 an toshe biyu da bulo saboda ɓarayi, yara sun fi 80 a ciki ba iska. Kun ga dai sanƙarau da aka yi fama da shi a Gwandu da Jega da Aliero a 2025, cunkoso da zafi yake so. A buɗe tagogin a sa ƙarfe. Sai akwatin taimakon gaggawa, farasitamol, ORS, filasta, da audugar mata a ajiye wurin malama mace ba a ofis ba.

Wani ɗan tsohon ɗalibi: Ba wanda ya yi maganar kwamfuta. JAMB yanzu duk a kwamfuta ake yi, yaranmu ranar jarabawa suke fara taɓa linzami, hannu na rawa lokaci na tafiya

Ma'aji: Gaskiya ne amma ina ɗakin ajiyewa, ina wuta, ina maigadi? Abin da ya fi sauƙi a yi magana da mai shagon kwamfuta a gari a riƙa kai 'yan SS3 rukuni rukuni ranar Asabar wata biyu kafin jarabawa, a biya shi a dunƙule. Kuma ina roƙo, duk abin da za a yi a bar dubu 300 a asusu ba a taɓa ba, don gyara. Famfo zai lalace, roba za ta cinye, ranar ba za mu sake bin iyaye da kokon bara ba.

Baban 'yan biyu: Na goyi baya. Kuma fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum uku, ɗaya mace, rasit kuma a ɗauki hoto a turo nan zauren ranar da aka saya ba ƙarshen zango ba. Ba zargi ba ne ma'aji

Ma'aji: Ni ma ya fi min kwanciyar hankali wallahi

Alhaji mai shinkafa: To tunda an ƙi gonata, ni na ɗauki ƙofofin makewayi huɗun daga aljihuna, a cire su daga lissafi. Amma a dasa dogonyaro da mangwaro inda ruwan zai riƙa zuba, in kawo dashe

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri Alhaji, ya ƙara buɗi. A kewaye dashen da ƙaya dai, awakin unguwar nan ba su da kunya.

Shugaban PTA: Madalla. Injiniya ka samo muna farashi daga wuri uku, sumo da faranti da aikin walda, kowane a rubuce. Asabar ƙarfe 10 mu haɗu bakin rijiyar ba ofis ba, Hajiya ki zo da iyaye mata biyu ku duba makewayin da idonku. Malam, takardar SUBEB na hannunka.

Baban Khalifa: Ni kuma zan zo da kafinta a buɗe muna siton nan. Wa ke riƙe da makullin?

Malama mai JS2: Yana wurin maigadi, amma ku zo da tocila da sanda, rabon da a buɗe ɗakin tun bara.