Neman kalma: wane suna za mu ba abin da ke riƙe da tsayuwar mutum?

Jama'a, salamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Sakkwato, kuma yau mako guda ke nan wata kalma ta hana ni sakat. Na nuna wa ɗalibai bidiyon 'yan sama jannati sun sauka a dajin Kazakistan, ana ciccibo su ana ajiyewa bisa kujera kamar marasa lafiya. Wata yarinya ta ce, "Malam, ƙafarsu ce ta mutu?" Na ce a'a, rabin matsalar a kunne take. Da na zo faɗin sunan abin, sai na ji bakina babu Hausarsa. Turawa na ce masa "vestibular system".

Bari in kwatanta shi tukuna. Can cikin kunne, kusa da inda ake ji, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Duk wanda ya yi hajijiya yana yaro ya san aikinsu: ka tsaya cik, amma ruwan bai tsaya ba, kamar nono a ƙwarya idan an dire ta da sauri, sai ka ga garka da bishiya suna zagaya ka. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsu, ƙanana ƙwarai, irin sinadarin alli. Nauyinsu ke danna wasu siraran gashi, ta haka jiki ke sanin ina ne ƙasa ko da ido a rufe, ko da an ɗauke wuta cikin dare.

To a tashar sararin samaniya, wadda ke kimanin kilomita 400 bisa kanmu, jan ƙasa bai gushe ba, kusan kashi 90 cikin 100 na nan. Sai dai tashar da mutanen cikinta faɗuwa suke tare, faɗuwar da ba ta ƙarewa, suna kewaya duniya duk minti 90. Duwatsun nan sai su daina dannawa. Ido ya ce ga sama ga ƙasa, kunne ya yi shiru, ciki ya tashi. German Titof na Tarayyar Sobiyet shi ya fara ɗanɗana wannan a watan Agustan 1961, har ya yi amai. Cikin kwana biyu ko uku ƙwaƙwalwa kan haƙura ta koma dogaro da ido. Ranar dawowa kuma sai a sake sabon koyo. Shi ya sa ake jinjina wa Baleri Poliyakof, ɗan sama jannatin Rasha wanda ya yi kwana 437 a tasharsu ta sararin samaniya mai suna Mir, ya sauko a 1995 ya taka da ƙafarsa zuwa kujera.

Yanzu sunan. Wani abokin aikina ya ce a bar shi "cikin kunne". Bai ishe ni ba, don cikin kunne ya haɗa da wurin ji, kuma kurma na iya tafiya daidai. Wata yayata ma'aikaciyar jinya ta ce su "jijiyar jiri" suke ce wa marasa lafiya. Ana ganewa, amma an raɗa wa abu suna da ciwonsa. Mai tallan nono da ke ratsa kasuwa da ƙwarya uku a ka, ba ta ko dafa su, wannan abin ke yi mata aiki, kuma ba jiri take ji ba. "Ma'aunin tsayuwa" ma na gwada, sai na tuna yana aiki ko kana kwance.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "mizanin kunne". Mizani da nauyi yake aiki. Ɗauki sikelin mai nama ka kai shi tashar can, ka ɗora masa cinyar bijimi, allura ba za ta motsa ba. Daidai abin da ke samun duwatsun kunne ke nan. Kuma Bahaushe ya riga ya san mizani da daidaito, ba sai an yi dogon bayani ba.

Akwai inda sunan ya gaza, ba zan ɓoye ba. Bututun nan uku ba nauyi suke aunawa ba, juyi suke aunawa, kuma suna ci gaba da aikinsu a sama. Ke nan sunan ya fi kama rabi ɗaya. Na yarda da hakan, don rabin da ya kama shi ne wanda ke rikicewa idan nauyi ya canza, ko a sama ko a duniyar wata inda mutum ke da kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa.

Saura roƙo guda. Na taɓa wuni cikin kwalekwale a gulbin Rima da damina, na fito tudu ina jin ƙasa na lilo da ni har bayan isha'i. Sarkawa da masunta sun fi mu sanin wannan hali. Wanda ke da dattijo a cikinsu, don Allah ya tambayo mana yadda suke kiransa. Ran Litinin zan rubuta "mizanin kunne" a allo, in bar fili a ƙarƙashinsa.