Idan oga ya sa hannu a tsakiyar zango

Ranar Asabar mun zauna a Yaba, mu 'yan Arewa masu rubuta manhaja a Legas, kan katsalandan ɗin shugabanni a tsarin aiki zango-zango, wato Ajayil, inda ake raba aiki zuwa gajerun wa'adi da ake kira zango.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne oga ya turo saƙo ta WhatsApp da dare, a ƙara wani abu, alhali an riga an tsara zangon mako 2. Wani babban yayanmu ya ce kada a yi musu da shi, a nuna masa jerin ayyukan a ce: "Yallabai, in wannan ya shiga, wanne zai fita?" Wannan shawarar ta fi kama ni, domin sau da yawa oga bai san aikin wa ya ture ba. Kuma a ƙa'idar Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin aiwatar da Ajayil, mai alhakin manhajar (Product Owner) ne ke jera ayyuka, shi kaɗai ke da ikon soke zango. Buƙatar oga ta bi ta hannunsa.

Taron minti 15 da ake yi kullum a Scrum don duba ci gaban aiki, na masu aikin ne. Da zarar manaja ya mayar da shi wurin titsiye, kowa sai ya ɓoye matsalarsa har ta ruɓe. Aka ce a gayyace shi bitar ƙarshen zango, ya ga abin da aka gina da idonsa.

Wata 'yar'uwa ta tuna mana cewa sanarwar Ajayil ta 2001 ta ce a ba ma'aikata goyon baya, a amince musu. Ta ƙara da cewa mu ma mu daina ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfinmu, domin shi ke jawo ogan cikin aikin.