Ta ina zan fara koyon tsara databes?

Sadiya_kt:
Salam yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, na ɗan iya SQL, yaren da ake ba databes (ma'ajiyar bayanai a kwamfuta) umarni da shi, irin su SELECT da INSERT har JOIN kaɗan kaɗan, amma in aka ce in zauna in tsara databes tun daga farko sai kaina ya kulle, ban san tebur (jadawalin da ake jera bayanai layi layi) nawa zan yi ba balle me zai shiga wanne. Ya ake yi ne?

Baban_Ilham:
Wslm. Ƙanwata rufe kwamfutar tukuna ki ɗau biro da takarda. Ki zaɓi wurin da kika san cikinsa, misali islamiyyar unguwarku, ki jero abubuwan da ake rubutawa, ɗalibi, aji, malami, kuɗin wata, kowanne da teburinsa. Sai ki duba ya suke da juna, aji ɗaya ɗalibai da yawa to lambar ajin ce zata zauna a teburin ɗalibi, ita ake ce ma forin ki, amma malami ɗaya yana shiga azuzuwa da yawa kuma aji ɗaya malamai da yawa ke shiga, nan dole sai an sa tebur na uku a tsakani, kuma gaskiya a nan yawancin masu koyo suke rikicewa. Kar ki kuskura ki sa suna ya zama firamari ki, wato abin da ke bambanta kowane layi da sauran, a aji ɗaya sai ki samu Aisha Muhammad uku.

mk_gombe:
Ni dai a ganina ta tafi MongoDB kawai, wani nau'in databes ne daban, babu wannan ciwon kan na tebur tebur.

Baban_Ilham:
Haba malam, wanda bai san alaƙar bayanai ba ko a MongoDB ɗin ma shirme zai zuba. Tsarin tebur ɗin nan tun 1970 Edgar Codd na IBM ya fito da shi, har yau a kansa manhajojin databes irin su MySQL da PostgreSQL suke.

Hajiya_Zee:
Ƙari akan na Baban Ilham, ki karanta nomalaizeshan, wato ƙa'idojin tsara tebur mataki mataki, amma ki tsaya a mataki na uku ya ishe ki yanzu. Duk surutun abu ɗaya ne, kar ki rubuta bayani ɗaya a wuri biyu. In lambar wayar uba tana layin kowane ɗansa, ranar da ya canza lamba zaki gyara wasu ki manta wasu. Kayan aiki kuma SQLite da DB Browser for SQLite, kyauta ne, fayil ɗaya ne ba ruwanki da saba (server, kwamfutar da ake ɗora databes a kai). Af, lambar waya a TEXT (rubutu) zaki sa ba INTEGER (adadi) ba, in ba haka ba sifirin 080 ɗin zai gudu.

Sadiya_kt:
Nagode sosai Allah ya saka. Toh kuɗin wata fa, in yi watanni 12 a teburin ɗalibi ko ya?

Hajiya_Zee:
A'a! Teburin biya daban, duk biya layi ɗaya, lambar ɗalibi, wata, shekara, nawa aka bada. Zana ki turo mu gani.