Neman shawara: mai keke ya kwarzane min motar Yayana, ranar Juma'a zai dawo

Mubarak T/Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema da gaggawa, tun jiya ko abinci na kasa ci. Yayana ya tafi Umara ya bar min makullin motarsa, Camry ce 2010 baƙa, ya ce in riƙa tayar da ita duk bayan kwana biyu saboda batir. Bai ce in fita da ita ba, amma kuma bai hana ni ba. Ranar Asabar aka yi walimar 'yar ƙanwar Hajiyarmu a Unguwar Rimi, ita kuma Hajiya ƙafa ke damunta, ba ta iya hawa keke. Mai motar da muka saba kira wayarsa a kashe, ƙanwata sai mita take lokaci na tafiya. To me zan yi? Na ɗauke su na kai su lafiya. A hanyar dawowa ne wajen Kasuwar Barci wani mai keke ya matse ni ya goga min gefen dama, ya ƙara gaba ko waiwayowa bai yi ba. Yanzu ga layi tun daga ƙofar baya har kan fenda, da wani wuri da ya yi dishi-dishi. Motar fes bodi ce, shekara 6 tana hannunsa ba ta taɓa zuwa wajen mai fenti ba, kuma kullum da wannan yake alfahari. An ce akwai man da ake gogawa abin ya ɓace. Wane ne, kuma ina zan same shi a Kaduna? Naira 15,000 kawai ke hannuna.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Ɗiga man birki kaɗan a tsumma ka goge, fentin keken zai fita nan take.

Usta Ɗanlami Panteka: Subhanallahi! Mubarak, kada ka kuskura ka kai man birki kusa da motar nan. Cin fenti yake yi, in ya zauna a jiki sai ka ga wurin ya kumbura ya saɓule. Shekara 22 ina wannan sana'a, ka saurare ni. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai ruwan toka da ke kama ƙarfe, sai launi a kansa, sai banish, wato ruwan nan mai sheƙi marar launi da ke rufe komai. Banish ɗin kamfani bai kai kaurin takarda ɗaya ba. Folish kuma, wato man gogewar da kake tambaya, ba cike ramin yake ba, kankare banish ɗin da ke gefen layin yake har wurin ya daidaita. Shi ya sa in layin ya wuce banish ya taɓa launi, ko ka kwana kana goga ba zai tafi ba. Yi abu biyu yanzu. Wanke wurin tas, ka ja farcenka a kan layin, ka ga ko yana maƙalewa. Sannan ka zuba ruwa. In layin ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, to a sama yake, mai sauƙi ne. In ka hango toka-toka ko ƙarfe, sai fenti. Amma tsaya tukuna: goguwar keke layi take bari da ragowar fentinta. Wannan dishi-dishin daga ina?

Mubarak T/Wada: Usta na gode. Gaskiya a daren na ɗan sa man goge baki na dirza, don na gani a TikTok ana yi. Da na ga ɗorawar fentin keken ta ƙi fita sai na yi amfani da soson wanke-wanke, gefen koren. Amma a hankali na yi wallahi, kuma fentin keken ya fita.

Usta Ɗanlami Panteka: To ai ka ji. Mai keke ya yi nasa, kai ka ƙara naka. Koren soson nan ya fi sanfefar da muke sa wa banish kaushi nesa ba kusa ba, dubban ƙananan layuka ka zuba a wurin. Wannan ya wuce aikin hannu. Sai an bi shi da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, a bi da 3000 (lamba na hawa, laushin sanfefa na ƙaruwa), sannan a sa injin bofin, wato injin goge fenti, da kamfawun, man da ke kankare layukan, a ƙarasa da folish mai laushi. Baƙar mota ba ta ɓoye komai. Ka kawo ta gobe da safe.

Mubarak T/Wada: Usta, duhu ne a lokacin kuma hankalina a tashe yake, da kowa ne ma abin da zai yi ke nan. Kuma ba na son in sake fita da ita, in wani abu ya ƙara faruwa fa?

Maman Sultan: Ni dai baƙar mota na yafe ta har abada. Tawa masu wankin mota ne suka gama da ita. Lokacin hunturu ƙura ta lulluɓe ta, yaro ko ruwa bai fara watsa mata ba sai ya tsoma tsumman da ya wanke taya da shi cikin ruwan Omo ya hau dirza. In rana ta haska bonet sai ka ga zobe-zobe kamar saƙar gizo. Na yi magana, ogansu ya ce wai haka na kawo ta. Wata uku ina jin ciwon abin nan, har yau in na bi ta layin ba na kallon wurin.

Bashir Malali: Usta, da girmanka, amma ban yarda dole sai inji ba. Na cire irin wannan a Corolla ta da hannu. Mubarak, je ka Ori Apata wajen masu kayan mota ka nemi T-Cut ko kamfawun na 3M, da tawul mai laushi na maikurofaiba guda biyu. Ajiye motar a inuwa, ka tabbata jikinta ya huce, don in ƙarfe na da zafi man bushewa yake ya bar tabo. Ɗan kaɗan za ka sa, ka yi wuri kamar faɗin tafin hannu, ka goge da tawul na biyu, ka haska da fitilar waya. Zagaye uku ko huɗu, in bai canja ba ka tsaya. Inji a hannun yaron shago shi ne ke ƙona fenti, musamman a kan gefen ƙofa da lanƙwasar fenda inda banish ya fi siriri. Na ga motar da aka shiga da ita da ƙaramin layi aka fito da ita fentin ƙasa a waje.

Usta Ɗanlami Panteka: Malam Bashir, mota ɗaya ka goge, ni a sati nawa nake yi? Yaron shago daban, ni daban. Hannu zai rage dishin, ban musa ba, amma a baƙar mota rana na fitowa za a ga wurin ya bambanta da sauran ƙofar. Kuma rabin abin da ake sayarwa a gwangwani kakin sheƙi ne kawai, ya cike layin, a yi wanki biyu uku ya dawo.

Alhaji Na Kawo: Abin da ya sa ni ban ba da aron mota ke nan, ko ɗan cikina ne. Ƙanin matata ya karɓi tawa zai je Zariya, ya dawo ya ajiye bai ce komai ba. Sai bayan sati biyu na lura ƙofa ɗaya baƙinta ya fi na sauran, ashe ya kai an fesa a ɓoye. Da na zo sayarwa dillali kallo ɗaya ya yi mata ya ce an taɓa jiki, ya karya kuɗin. Ba asarar ce ta fi ƙona min rai ba, ɓoyewar ce. Shekara biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Anti Hauwa: Mubarak ƙanena, ka ji maganar Alhaji. Mahaifiyarku ka kai, ba yawo ka je ba. Ka kira Yayanka ka gaya masa, ko ka sa Hajiya ta faɗa masa. Motarsa ce, shi ya kamata ya zaɓi wanda zai taɓa ta.

Mubarak T/Wada: Anti ba ku san Yaya ba ne. Mutum yana ibada zan kira shi da maganar mota? Kuma Hajiya ma ba ta sani ba, in ta ji za ta ce saboda ita ne, hawan jininta ya tashi. Ba ɓoyewa zan yi ba, so nake in gyara tukuna sannan in faɗa.

Baban Ilham: Ni dai na sha yi da man birki ban ga komai ba.

Mubarak T/Wada: Na gwada abin da Usta ya ce. Da ruwa kusan duka layin yana ɓacewa, har dishin. Sai wuri ɗaya kusa da mariƙin ƙofa, tsawonsa kamar ɗan yatsa, nan farce yana ɗan maƙalewa. Wani abokina yana da sanfefa 1200, ya ce kusan ɗaya ne da 2000. In bi wurin da ita a hankali sannan in sa T-Cut ɗin? Har yanzu ina ganin zan iya a gida.

Bashir Malali: A'a, ban ce ka sa sanfefa ba. 1200 ta yi kaushi.

Usta Ɗanlami Panteka: Na gama magana. Shagona a buɗe yake daga ƙarfe 8.

Sadiq Rigasa: Don Allah Usta, tunda ana maganar, rufin motata banish ɗin ne yake ɓarewa kamar bawon albasa. Shi ma folish zai yi masa?