Likita ya rubuta wa Hajiyarmu hoton zuciya, alhali hawan jini ne ciwonta

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da hawan jini. Amlodipine take sha kullum da safe, sai dai da ta ji daɗin jikinta takan ajiye shi. Makon jiya muka je asibiti, awo ya nuna 168/100. An yi mata ECG, likita ya ce bai ga abin tashin hankali ba, amma duk da haka ya rubuta mana eko, wato hoton zuciya. Ita Hajiya cewa take ƙirjinta ba ya ciwo, gara a sa kuɗin a magani. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in ta hau bene sai ta tsaya tana haki, ƙafafunta kuma suna kumbura da yamma. Don Allah masana, tunda ECG ya fito lafiya, me eko zai ƙara mana?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. A ɗakin eko nake aiki, kuma wannan tambayar kusan kullum sai an yi mini ita. ECG wutar da ke sa zuciya bugawa yake rubutawa a takarda, shi kuwa eko naman zuciyar kansa yake nunawa tana cikin aiki. Idan jini ya daɗe a sama, ɓangaren hagu na zuciya, wanda ke tura jini ga duk jiki, yakan yi kauri kamar damtsen mai faskare. Sai dai a zuciya kaurin nan ba ƙarfi ba ne: bangon yakan sandare, ya kasa saki yadda jini zai cika ta, daga nan haki ya fara. Sau da yawa ECG ba ya kama wannan kaurin, shi ya sa fitowarsa lafiya ba ta rufe magana.

Mukan auna kaurin bangon, wanda a lafiyayyen mutum bai cika wuce santimita 1 ba. Mukan kuma duba kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. A mai lafiya yakan kai kashi 55 zuwa 70 cikin 100.

Ummu Aisha:
Yaya, ku lallaɓa ta a yi. Babanmu ma tsoron na'urar yake, ya ɗauka irin hasken hoton ƙashi ne. Ashe irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu ne. Ya kwanta ta gefen hagu, aka shafa masa wani mai a ƙirji, cikin kamar rabin awa aka gama, ba allura ba zafi.

Dakta Bala:
Hajiya Maman Khalifa, ba kowane mai hawan jini ne dole sai ya yi eko ba, amma mai haki da kumburin ƙafa, wannan kam ina goyon bayan likitanku. Amlodipine kansa yana kumbura ƙafa, zuciyar da ta fara gazawa ma tana kumbura ta, kuma maganin abin biyu ya bambanta ƙwarai. Hoton ne zai taimaka a rarrabe. A ƙasashenmu hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya. Idan an tarar da kauri, likita kan iya ƙara wani maganin hawan jini kamar lisinopril ko losartan, kuma in jinin ya sauka ya zauna, kaurin yakan ragu a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiye maganin da take yi. A rage mata gishiri da dunƙulen miya, a kuma nisanta ta da diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa, domin suna ɗaga jini. A haɗa da gwajin fitsari da na ƙoda. In haki ya zo mata tana kwance cikin dare, a kai ta asibiti a lokacin, kada a jira ranar hoto.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai ta je da yunwa ne, kamar gwajin suga?

Malam Sani:
A'a, ta karya kumallo, ta sha maganinta kamar kullum. Ku tafi da takardar ECG ɗin da kwalayen magungunan da take sha.